Kundin shirin taro: ƙwallo ɗaya, motsi uku

8 ga Janairu

Yau muka tsayar da magana. Taron kwana uku ne, lacca tara, kuma ni aka ɗora wa tsara jerin laccocin tare da rubuta takardar share fage da kowa zai karanta kafin ya zo. Batun shi ne yadda rukuni ke aiki a kan sarari, da yadda ake mayar da tambayoyin homotofi su koma aljebra. Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye abin da aka yi da abin da ya gagara, kada ranar taro ta zo ina tambayar kaina dalilin da ya sa lacca ta huɗu ta riga ta biyar.

Tsarin da muka zaɓa mai kama ne da wanda ake yi a cibiyar lissafi ta Oberwolfach a Jamus, wadda aka kafa a 1944: akwai irin taron da mahalarta ke koyon batu ta hanyar gabatar da shi da kansu, kowa ya ɗauki ɓangaren da bai ƙware a kai ba, ya zauna ya koya, ya zo ya tsaya gaban allo. Ina son wannan tsari ƙwarai. Wanda ya sha wuya kafin ya gane abu, shi ya san inda mai sauraro zai yi tuntuɓe.

Ga kalmomin da zan riƙa amfani da su, don mu daidaita tun yanzu. Rukuni tarin motsi ne da ake iya jera ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane motsi yana da mai warware shi. Sarari shi ne abin da ake motsawa: da'ira, faifai, fatar ƙwallo. Aike shi ne ɗaukar ɗigogin wani sarari zuwa wani ba tare da yagewa ba. Homotofi kuwa shi ne lanƙwasa wani aike sannu a hankali har ya koma wani. Tsayayyen ɗigo shi ne wanda motsi ya bar shi a inda yake.

15 ga Janairu

Na yi jerin farko, na kuma yage shi. Na bi tarihi ne: Poincaré a 1895, Brouwer, Lefschetz a 1926, Hopf a 1931, Smith a ƙarshen shekarun 1930, haka har zuwa yau. Da na karanta shi da babbar murya sai na ji kamar kiran suna a aji. Kowace lacca tana tsaye ita kaɗai, babu abin da ke sa mutum ya ƙagu ya ji ta gaba.

Abin da ya kamata shi ne misali ɗaya da zai ratsa laccocin tara, kowane mai gabatarwa ya gwada kayan aikinsa a kansa. Na kwana biyu ina neman wanda ƙanƙantarsa za ta sa a iya lissafa shi da hannu, amma kuma yana da taurin da zai tona asirin kayan aikin da bai isa ba.

19 ga Janairu

Na same shi, kuma yana gabana tun farko. A ɗauki fatar ƙwallo, S², da rukuni mai memba biyu, C₂, wato motsi ɗaya wanda in aka yi shi sau biyu komai ya koma mazauninsa. Akwai motsi uku irin wannan da kowa zai iya gani da ido.

Na farko madubi: rabin sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama, ɗamarar ƙwallon ta tsaya cak. Tsayayyun ɗigogi da'ira ce guda. Na biyu juyin rabi: a juya ƙwallon rabin zagaye a kan sandar da ta ratsa shi, ƙololuwar arewa da ta kudu kaɗai za su tsaya. Na uku na sa masa suna ƙetare: kowane ɗigo ya bi ta tsakiya ya fito a wancan gefen. Nan babu wanda ya tsaya, ko ɗaya.

Juyin rabi yana da sauƙin warewa, darajarsa, wato sau nawa aike ya naɗe ƙwallon kuma ta wace fuska, 1 ce. Madubi da ƙetare su ne abin kallo. Dukkansu darajarsu −1, kuma ka'idar Hopf ta ce aike biyu daga S² zuwa S² masu daraja ɗaya ana iya lanƙwasa ɗaya ya koma ɗayan. Ke nan idan an manta da rukuni, madubi da ƙetare abu ɗaya ne a idon homotofi. Amma ɗaya ya tsayar da da'ira sukutum, ɗayan bai tsayar da komai ba. Tambayar taron ke nan: wace aljebra ce take iya bambanta waɗannan biyun, kuma me take tunawa da sauran suka manta?

Na gwada lambar Lefschetz, wadda a nan ita ce 1 a tara da daraja, nan take a bayan takarda. Juyin rabi ya ba da 1 + 1 = 2, daidai da ɗigo biyu. Madubi ya ba da 1 − 1 = 0, daidai da lambar Euler ta da'ira (in an yanka sarari gunduwa-gunduwa, ita ce yawan ɗigogi a cire layuka a ƙara fuskoki). Ƙetare ma 0, daidai da babu. Ta yi gaskiya a duka ukun, amma ba ta raba biyun da nake so ta raba ba. Raina ya yi fari da ganin haka, domin ga lacca ta farko ta samu, har da abin da za ta bar wa ta biyu.

27 ga Janairu

Na aika wa mahalarta sabon jeri. Bakwai sun amsa sun karɓi laccocinsu. Wani babban malami daga cikinmu ya ce misalin ya yi ƙanƙanta, mutanen da suka yi shekaru suna aiki da sifektiram, wato jerin sarari da homotofi ke haɗawa ya ɗauka kamar abu ɗaya, ba za su zauna kwana uku suna kallon ƙwallo ba. Na ce masa, “Malam, a ba ni mako biyu. In misalin bai kai mu har lacca ta tara ba, ni da kaina zan janye shi.” Ya yarda.

2 ga Fabrairu

Yau na yi kuskure, kuma wata ɗalibar digiri na uku ce ta kama ni. Ina so in rubuta shi dalla-dalla, saboda irinsa ne ainihin dalilin taron.

A takardar share fage na rubuta cewa idan aike yana mutunta aikin rukuni, kuma in an ajiye rukunin gefe ya nuna sarari biyun daidai suke a homotofi, to daidai suke har da rukunin. Na rubuta shi cikin sauri kamar abin da ba ya buƙatar hujja. Muna zaune muna bin takardar layi-layi, sai ta ɗaga biro ta ce, “Malam, ina da tambaya a shafi na huɗu.” Ta tashi ta je allo, ta rubuta S¹ (da'ira) cikin S² cikin S³ (ƙwallo mai awo uku), ta ja ɗige-ɗige, ta rubuta S^∞ a ƙarshe. Ta ce wannan ƙwallo marar iyakar awo ana iya tsuke shi ya koma ɗigo ɗaya, kuma ƙetare yana aiki a kansa ba tare da tsayar da kowa ba. Aike daga gare shi zuwa ɗigo guda yana mutunta rukunin, kuma daidaito ne in an manta da rukunin. Sai ta juyo ta ce, “To ina hanyar dawowa? Ɗigon nan tsayayye ne, dole ya sauka a kan tsayayyen ɗigo, can kuwa babu.” Ta ajiye allin ta zauna.

Gaskiya ce tsagwaronta. Abin da yake daidai shi ne sai aiken ya zama daidaito a kan tsayayyun ɗigogin kowane ƙaramin rukuni H da ke cikin babban rukunin G, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce ka'idar Whitehead ta masu aiki da rukuni. Na san ta, na ma koyar da ita, amma hannuna ya rubuta abin da ya saba. Na gode mata, na gyara shafin, na kuma roƙe ta ta ɗauki lacca ta uku, wadda za ta yi magana kan ginin Borel da ka'idar Elmendorf ta 1983. Elmendorf ya nuna cewa sanin sarari mai aikin rukuni a homotofi daidai yake da sanin dukkan tsayayyun sassansa, kowane H da nasa, tare da yadda suke shiga juna. Wadda ta tsaya a allo yau ta riga ta gane zuciyar wannan magana.

9 ga Fabrairu

Mako guda a kan Smith da Borel. Wannan ɓangaren ne ya fi cin lokacina, kuma ba na nadama.

Abin da P. A. Smith ya gano shi ne: idan rukuni mai memba p, inda p lamba ce marar rabuwa, ya yi aiki a kan ƙwallo, to tsayayyun ɗigogin su ma kamar ƙwallo suke idan aka auna su da homoloji, wato aljebrar da ke ƙirga ramukan sarari, irin wanda ke ƙirga saura bayan an raba da p. A misalinmu da'ira S¹ ce, ɗigo biyu S⁰ ne, babu kuwa ana lissafa ta a matsayin ƙwallo mai awo −1. Idan p ba 2 ba ce, tazarar awo tsakanin ƙwallon da tsayayyen sashensa lamba ce mai rabuwa biyu. Shi ya sa rukuni mai memba uku ba ya da madubi.

Armand Borel ya sake fasalin wannan a taron ƙara wa juna sani da ya jagoranta a Firinston, wanda aka buga a 1960. Dabarar, wadda ita ce ginin Borel, ita ce a haɗa sararin X da wancan S^∞ na ɗalibata, sannan a raba da rukunin. Kohomolojin abin da ya fito (ɗan'uwan homoloji ne, amma shi ana iya ninki a cikinsa) yana ɗauke da aikin zoben F₂[t], wato tsarin tarawa da ninki na 1, t, t², … inda 1 + 1 = 0, wanda shi ne kohomolojin RP^∞, abin da ke fitowa in an raba S^∞ da ƙetare. Na zauna na lissafa duka biyun. A ƙetare, abin da ya fito shi ne kohomolojin RP² (S² bayan an raba shi da ƙetare), wato F₂[t] inda t³ ya zama sifili. Ka ninka da t sau uku, komai ya mutu. A madubi kuwa, komai yawan ninkin da ka yi da t, abubuwa biyu suna nan da ransu, kuma su ne daidai aji biyu na kohomolojin da'irar da ta tsaya. Ka'idar ita ce, in aka ba t damar a raba da shi, abin da ya rage kohomolojin tsayayyun ɗigogi ne kawai.

Ga aljebra ta farko da ta raba madubi da ƙetare. Na daɗe ina kallon takardar. Ba mu gaya wa lissafin inda ɗigogin suka tsaya ba, shi ya nemo su da kansa.

Daga nan hanya a buɗe take zuwa aikin Quillen na 1971, inda ya nuna cewa awon Krull (wani ma'aunin girman zobe) na zoben kohomolojin rukuni, in ana ƙirga da p, daidai yake da mafi girman r da za a sami (Z/p)^r a cikin rukunin. Zan bar wannan ga mai lacca ta huɗu, in lokaci ya ishe shi.

12 ga Fabrairu

An samu ɗaki mai allo babba guda biyu. Na roƙi kada kowa ya zo da hotunan majigi sai in zane ne da hannu ba zai iya ba. Lissafin da aka rubuta a gaban mutane yana tafiya da saurin da kai ke iya bi. Mutum biyu za su shiga ta intanet, don haka ana neman kyamarar da za ta ɗauki allon biyu ba tare da rubutun ya dushe ba.

18 ga Fabrairu

Lacca ta biyar, homotofi da lambobin kaso, Q. Nan ne aljebra ta fi yin nasara a tarihin fannin. Serre ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa rukunonin homotofi na ƙwallaye, wato πₙ masu ƙirga ire-iren aike daga Sⁿ zuwa cikin sarari, duk masu iyaka ne, in ban da πₙ(Sⁿ) da kuma π₄ₙ₋₁(S²ⁿ). Wato in aka yarda a raba da kowace lamba, rikicin ya kwanta. Quillen a 1969 da Sullivan a 1977 suka kai maganar ƙarshenta: ga sarari marar madauki, wato wanda kowane madaukin da ke cikinsa ana iya tsuke shi ya koma ɗigo, duk abin da Q ke iya gani yana cikin wata aljebra guda.

Ta S² ga ta: x mai mataki 2, y mai mataki 3, kuma dy = x². Shi ke nan. x yana wakiltar π₂, y kuma yana wakiltar π₃, wato aiken Hopf na 1931 daga S³ zuwa S². Duk lokacin da na rubuta wannan layi sai na ji wani abu a raina, cewa abin da ya ba mutane mamaki a 1931 ya koma harafi biyu da alamar daidai.

Sai na sa rukunin. Madubi yana kai x zuwa −x, kuma tunda (−x)² = x², y yana nan yadda yake. Ƙetare ma haka, babu bambanci ko na ɗigo. Na gwada ginin Borel da Q, nan ma shiru: madubi ya bar faifai, ƙetare ya bar RP², kuma a idon Q dukkansu kamar ɗigo ɗaya suke. Dalilin a fili yake. Wancan t da ya yi mana aiki makon jiya abu ne da 2 ke kashewa, Q kuwa ta ba da izinin raba wa 2, don haka ta shafe shi tun kafin a fara.

Ina ganin wannan ne darasin da ya fi kowane muhimmanci a rana ta biyu, kuma ina so mai laccar ya faɗe shi ba tare da kunya ba: aljebrar Sullivan tare da aikin rukuni a kanta ba ta isa ba. Gyaran shi ne wanda Georgia Triantafillou ta yi a 1982, a gina aljebra ɗaya ga kowane ƙaramin rukuni, a haɗa su yadda Elmendorf ya haɗa sararin. Ta madubi za ta zo da ƙarin aljebrar da'ira, harafi ɗaya mai mataki 1. Ta ƙetare ba ta da abin sa wa a wannan gurbi. Sai dai a lura da abin da ya faru. Da F₂ lissafi ne ya nemo tsayayyun ɗigogi, da Q kuwa mu muka ɗauko su muka sa masa a hannu.

24 ga Fabrairu

Zoben Burnside. Ga C₂ abu biyu ke gina shi, 1 da t, inda t yake tsaye a madadin ɗigo biyu masu musayar wuri, kuma t² = 2t. (Wannan t daban yake da na Borel. Dole in sauya wa ɗaya harafi a takardar, in ba haka ba za a ruɗe.) Kowane memba a + bt ana iya karanta shi da lamba biyu: yawan ɗigogi duka, a + 2b, da yawan tsayayyu, a. Lambobin biyu dole su zama ko dai duka masu rabuwa biyu, ko duka marasa rabuwa biyu. Segal da tom Dieck suka nuna cewa wannan zobe shi ne ke ƙirga aike daga babban ƙwallo mai aikin rukuni zuwa kansa: daraja a kan ƙwallon duka, da daraja a kan tsayayyen sashe.

Na sa rai lambar Euler da ke zaune cikin wannan zobe za ta raba biyunmu. Juyin rabi ya ba da (2, 2). Madubi (2, 0). Ƙetare (2, 0). Ba ta raba ba, domin lambar Euler ta da'ira sifili ce, ta babu ma sifili ce. Zan bar wannan a takardar yadda ya faru, da fatan da kuma sakamakon.

Abin da zoben ya ba ni a madadin haka ya fi abin da na nema. In an yarda da Q, t/2 in aka ninka shi da kansa shi ne dai t/2, don haka komai ya tsage gida biyu, ɓangaren t/2 da ɓangaren 1 − t/2. Wannan tsagewa ce tushen abin da Greenlees da May suka nuna, cewa ga rukuni mai iyaka, sifektiram na Q ba komai ba ne illa jerin sararin bekta, ɗaya ga kowane ajin ƙananan rukunoni, kowanne da aikin rukunin Weyl nasa, wato motsin da ya rage a kan tsayayyen sashensa. Ga rukunonin da ba su da iyaka kamar da'ira, aikin ya fi haka wuya nesa ba kusa ba: Greenlees ya yi na da'ira a 1999, shi da Brooke Shipley suka kammala na torus, wato da'irori da yawa a haɗe, a 2018.

Wani abu kuma da ya tsaya mini a rai. Dress ya nuna a 1969 cewa in ba a raba da komai ba, zoben Burnside ba ya tsagewa sai in rukunin ba mai warwaruwa ba ne, wato ba ya ginuwa mataki-mataki daga rukunonin da membobinsu ke jituwa da juna. Mafi ƙanƙantar irin wannan rukuni shi ne A₅ mai memba 60. Shi ne kuma rukunin da Floyd da Richardson suka sa ya yi aiki a kan faifai a 1959 ba tare da tsayayyen ɗigo ba, abin da mai tunanin Brouwer zai rantse ba ya yiwuwa. Brouwer ya ce kowane motsi guda a kan faifai yana da ɗigon da ya tsayar, bai ce duk membobin rukuni za su haɗu a kan ɗigo ɗaya ba. Robert Oliver a 1975 ya fayyace dukkan rukunoni masu iyaka da ke iya yin haka. Ina so lacca ta shida ta ƙare a nan.

1 ga Maris

Babban malamin nan ya karanta daftari na biyu. Ya dawo da shi da jan biro a shafi shida, yawanci gyaran alamomi, sai layi ɗaya a ƙarshe inda ya ce misalin ya zauna, amma ina aiki 'yantacce? Yana da gaskiya. Ƙetare shi ne misalin farko na aikin da ba ya tsayar da kowa, kuma akwai dogon labari a bayansa da na tsallake.

Wane rukuni mai iyaka ne zai iya aiki a kan wani ƙwallo ba tare da wani membansa, in ban da na zama-wuri-ɗaya, ya tsayar da ɗigo ba? Daga aikin Smith an san Z/p × Z/p ba ya iyawa. Milnor a 1957 ya ƙara sharaɗi: duk memban da ke komawa gida bayan sau biyu dole ya jitu da kowa a rukunin. Wannan ya fitar da S₃ mai memba shida. Amma Swan a 1960 ya nuna S₃ ɗin yana aiki 'yantacce a kan wani sarari mai iyaka wanda homotofi ba ya bambanta shi da S³. Ga wurin da homotofi ya ce e, siffar ainihi ta ce a'a, kuma ina so mahalarta su ji wannan saɓani sosai, domin taron da ke yabon aljebra ya kamata ya nuna bakin iyakarta. Petrie a 1971 ya sa rukuni mai memba 21 ya yi aiki 'yantacce a kan S⁵, alhali babu hanyar yin haka da juyi na miƙaƙƙen layi. Madsen, Thomas da Wall suka rufe tambayar a 1976.

Malamin ya ce shi zai gabatar da wannan. Ta zama lacca ta bakwai, na haɗe biyu daga cikin na baya don a sami wuri.

7 ga Maris

Lacca ta takwas ta ba ni wahala wajen taƙaitawa. Hasashen Segal, wanda Carlsson ya tabbatar a 1984, da hasashen Sullivan, wanda Haynes Miller ya tabbatar a 1984 ɗin dai. Dukkansu amsa ɗaya suke bayarwa ga abin da ɗalibata ta nuna a allo. Ta nuna ginin Borel yana iya mantawa da tsayayyun ɗigogi. Su kuma suka ce, in sararin mai iyaka ne, rukunin kuma yawan membobinsa ninkin p ne zalla, to bayan an cike komai a kan p, wato an riƙe abin da p da ninke-ninkensa ke gani kaɗai, abin da aka manta yana dawowa. Misalinta ya kuɓuce ne saboda S^∞ ba shi da iyaka. Uban wannan tunani shi ne abin da Atiyah ya nuna a 1961, cewa ka'idar K (wani nau'in kohomoloji) ta BG, wato ginin Borel na ɗigo guda, ita ce zoben wakilcin G, mai ƙirga ayyukan G a kan sararin bekta, bayan an cike shi.

Na roƙi mai laccar kada ya taɓa hujjojin, sa'a guda ba za ta ɗauka ba. Ya faɗi maganar daidai, ya gwada ta a kan ƙwallonmu, ya nuna inda sharaɗin iyaka ya shigo.

13 ga Maris

Lacca ta tara, wadda na yi wa malamin alkawari. Tambayar Kervaire tambaya ce da babu rukuni a cikinta ko kaɗan: a wane awo ake samun wani irin sarari mai santsi wanda lambarsa ta Kervaire, mai zama 0 ko 1, ta zama 1? Browder ya nuna a 1969 cewa abin da ake nema ba ya samuwa sai a awo 2^k − 2. An san yana nan a 2, 6, 14, 30 da 62. A Afrilun 2009, a Edinbura, wurin taron cikar Atiyah shekara 80, aka sanar cewa Hill, Hopkins da Ravenel sun nuna babu shi daga 254 zuwa sama. Aikin ya fito a mujallar Annals of Mathematics a 2016. Awo 126 ne ya rage, sai a 2024 Lin, Wang da Xu suka fitar da hujjar cewa yana nan.

Ta ina ƙwallonmu ya shigo? Hujjar 2009 ta fara ne da aikin C₂ a kan wani sifektiram da ake kira MU, aikin da ya samo asali daga sauya i zuwa −i a lambobi masu sarƙaƙiya, sannan aka faɗaɗa shi zuwa C₈. A ɗauki S² a matsayin filin waɗannan lambobi tare da ɗigo ɗaya a can ƙarshe, a sauya i zuwa −i: layin lambobi na gaske da wancan ɗigo sun tsaya, da'ira ke nan, sama da ƙasa sun yi musaya. Madubinmu ne. Shi ne tubalin da ake jera wa a gina sassan da hujjar ke yanka sifektiram da su. Daga nan suka sami wani Ω mai maimaita kansa duk bayan mataki 256, wanda rukuninsa a mataki −2 sifili ne, don haka a 254 ma sifili ne, kuma da abin da ake nema yana nan da ya bar sawu a wurin.

Na kira malamin na karanta masa wannan sakin layi. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce in tabbata mai laccar ya zana madubin a allo kafin ya rubuta MU.

17 ga Maris

Takardar share fage ta kai shafi ashirin da biyu, na aika wa kowa da safiyar yau. Na sauya t na Burnside zuwa τ. Na ƙara tebur a shafin ƙarshe mai layi uku, madubi, juyin rabi, ƙetare, da gurbi tara a gaban kowanne, lacca ɗaya gurbi ɗaya. Na cike shida da lissafin da na yi da hannuna. Na bakwai da na takwas masu laccar za su cike a gaban mutane.

Gurbi ɗaya ya tsaya mini. Mandell ya nuna a 2001 cewa ana iya kama homotofin sarari a kan p da aljebra irin ta E∞, inda dokokin ninki ke tsayawa a idon homotofi kawai, wato abin da Sullivan ya yi wa Q shi ya yi wa p. Ina so in rubuta yadda madubi da ƙetare suke a wannan harshe, a layin da bai wuce na dy = x² tsawo sosai ba, kuma sau uku ina farawa yana kai ni shafi biyu. Ɗalibar ta ce za ta zo gobe da ƙarfe goma mu gwada tare, ta kuma ce in zo da lissafin 9 ga Fabrairu, tana ganin daga can ya kamata mu faro. Kyamarar ma gobe za a gwada ta a kan allon.